Shukokin da ke jure gishirin titi a Kanada

Duk shekara ana watsa gishiri kusan tan miliyan 5 a titunan Kanada don narkar da ƙanƙara, kuma lambunan bakin hanya ne ke shan wahalarsa. A tattaunawar masu lambu, an fi yabon wardin Rosa rugosa, domin asalinsa gaɓar teku ce a Japan da Koriya, ya saba da gishiri. Itacen juniper da furen daylily ma suna jurewa. Itacen farin pine kuwa, a nisanta shi da titi, domin ganyensa yakan ƙone ta ɓangaren da motoci ke fantsamo ruwan gishiri. Shawarar da ta fi gamsar da ni: a kafa shingen buhun algarara tsakanin shuka da titi kafin hunturu, in ƙanƙara ta narke a kwarara ruwa sosai a gindin shuka, ya wanke gishirin daga saiwa.