Zanen kogon Lasko: shawarwarin da masana suka tsaya a kai

Kan zanen da mutanen dā suka yi a bangon kogon Lasko, inda aka fi daɗewa ana muhawara shi ne fassara ma'anarsa. Hanyar binciken zuciya ta Freud, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, tana buƙatar mutum mai rai da zai ba da amsa, ya musanta, ya gyara. Wanda ya yi zanen Lasko a Faransa, kimanin shekara 17,000 da suka wuce, ba zai yi ko ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya dubi hoton mutum mai kan tsuntsu da aka zana a kogon yana kwance gaban ɓauna ya ce mafarki ne ko tsoron mutuwa, to ya bayyana cewa hasashensa ne. Sau da yawa abin da ke ransa yake karantawa a bango.

Shawarar ita ce a fara da abin da ake iya aunawa: wace dabba, sau nawa, a wane lungu, da wane launi. A Lasko doki ne ya fi yawa a bango, alhali ƙasusuwan da aka tono galibi na barewar ƙasashen ƙanƙara (reindeer) ne. Wannan kaɗai ya raunana zancen cewa tsafin farauta ne kawai.

Kan amanar kiyaye zanen kuwa babu saɓani. An buɗe kogon ga jama'a a 1948, numfashi da ɗumin jikin baƙi suka haifar da gansakuka, dole aka rufe shi a 1963. Kada a jiƙa zane don hoto ya fito, kada a bi layinsa da alli, kada a taɓa. Wannan ƙa'ida ta hau kan zanen duwatsun Birnin Kudu a Najeriya da raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous a Nijar.