Katin talla ta gidan waya: me ya kamata in sa a gaba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma ina so in aika katin talla ta gidan waya, irin wanda ba a sa shi a ambulan. Girmansa A6 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na takardar A4 da aka saba bugawa, ga shi adireshi da kan sarki sun cinye rabin bayan.

Gaban katin ne ya hana ni sakat. Mai zanen ya dage sai babban hoto da jimla ɗaya tak, wai kallo ɗaya mutum yake yi ya jefar. Ni kuwa ina ganin in ban jera ayyukana ba, wa zai kira? Rangwamen da nake so in bayar fa, gaba zan sa shi ko baya? Sannan yaya zan gane kiran da katin ya jawo? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.