Fitilar fowil ɗin Hilux tana ƙyaftawa, tayoyin gaba kuma ba sa ja

Manomin Fadama:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012, mai injin dizal 2.5 da giyar hannu, wadda nake kai taki da ma'aikata da ita gonar shinkafa a fadamar Haɗeja. Makonni uku da suka wuce na ratsa wani kwari da ruwan sama ya cika, ruwan ya kai gindin ƙofa, motar kuma ta fita lafiya. Bayan kamar kwana goma na sake shiga taɓo, na ja ƙaramar giya daga H2 (jan tayoyin baya kaɗai) zuwa H4 (fowil, wato jan tayoyi huɗu) kamar yadda na saba, sai fitilar fowil ta riƙa ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak. Nan take motar ta kafe, tayoyin baya suna ta juyawa suna watsa laka, na gaba kuwa ko motsi, sai da matasan ƙauyen suka taru muka tura ta. Bakanike na farko ya ce dole a sauke tiransifa, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya da na gaba, a buɗe, na biyu kuma ya ce a ɗaure aksul ɗin gaba ya zauna a kulle dindindin kowa ya huta. Babu wanda ya shiga ƙarƙashinta a cikinsu kafin ya yanke hukunci, abin da ya sa hankalina bai kwanta ba ke nan. Ina roƙon masana su nuna mini ta inda ya kamata a fara, domin damina ta yi nisa kuma aikin gona ba ya jira.

Bakanike Ɗan Kano:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a kwance ko da noti ɗaya na tiransifa tukuna, domin a irin motarka abu biyu ne suke haɗuwa kafin tayoyin gaba su ja. Na farko ita ce tiransifa, wadda ƙaramar giyarka take motsawa kai tsaye, ta juya farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul ɗin gaba. Na biyu wata ƙaramar na'urar lantarki ce da ke jikin aksul ɗin gaba, wadda Toyota ke kira ADD, aikinta shi ne ta tura wani zobe ya haɗa shaf ɗin da aka raba gida biyu. Da zarar ka ja giya, wani makunni a jikin tiransifa yakan sanar da kwamfutar fowil, ita kuma ta umarci na'urar ta kulle, fitilar ba za ta daina ƙyaftawa ba sai kullewar ta tabbata. Ƙyaftawar da kake gani ma shaida ce cewa saƙon ya isa, kullewar ce ba ta kammala ba.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A tsayar da motar a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a tare tayoyin baya da dutse, a sa H4, a kashe inji, sannan mutum ya shiga ƙarƙashi ya gwada juya farfelar gaba da hannu. Idan ta juya sakayau, to tiransifa ce ba ta kama ba, bakanikenka na farko yana da gaskiya. Idan ta ƙi juyawa, tiransifarka lafiya ƙalau take. Daga nan sai a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a ɗaga tayar gaba guda ɗaya da jak, a juya ta. Tayar da aka ɗaga bai kamata ta zagaya ba, idan kuwa ta zagaya, ko dai na'urar ba ta kulle ba ko kuma shaf ya karye, karyewar shaf kuma yawanci da ƙara take zuwa, ba ka kuma ambaci ƙara ba.

Tun da ka ce ka ratsa ruwa, zargina ya fi ƙarfi a kan na'urar. Tana da wani siririn tiyo da take shan iska ta cikinsa, robar kuma idan ta kwana biyu a zafin ƙasarmu takan bushe ta tsage ko ta zame daga bakinta. Ruwa ya shiga, ya kwanta a ciki, ba a ranar zai nuna ba sai ya ci ƙarfen, wannan ne ya sa ka samu kwana goma lafiya. Na sha buɗe murfin in tarar da laka ta daskare a kan haƙoran roba, ƙananan ƙarafan da wuta ke bi ta kansu kuma sun yi tsatsa kore shar. Sau da yawa wankewa da gogewa da ɗan giris sun isa, sai dai a lura da mazaunin haƙoran kafin a cire su, domin idan aka mayar da su a karkace fitilar za ta ci gaba da ƙyaftawa. Kafin duk wannan, mai wayarin ya duba fis da soket.

Direban Yusufari:

Ina goyon bayan Malam a kan gwajin, amma ina so in ƙara abin da rairayi ya koya mini. Hilux irin wannan ba ta da abin da ke daidaita gudu tsakanin tayoyin gaba da na baya, saboda haka idan aka bar ta a H4 a kan busasshiyar kwalta sai ƙarafan su ɗaure, sitiyari ya yi nauyi a kwana, giyar kuma ta ƙi fita. Idan haka ta faru a daina kokawa da ita, a yi ribas kaɗan a miƙe, za a ji ta saki da kanta. Haka nan tayoyin da girmansu ya bambanta, ko sababbi a baya da suɗaɗɗu a gaba, suna hana fowil shiga da fita cikin sauƙi. L4 kuwa, wato fowil mai ƙaramin gudu da ƙarfin ja, ba a shiga ta sai mota ta tsaya cik an taka kuloci. Littafin Toyota ma ya ce a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 a fowil kowane wata domin mai ya zagaya kayan gaba, mu kuwa da yawanmu sai damina ta faɗi muke tunawa da ita.

Game da ɗaure gaban dindindin, a ganina ba ɓarna ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka. Mu da muke nesa da kasuwar kayan gyara mun ga motocin da aka yi wa haka suna aiki, illa dai farfelar gaba za ta riƙa juyawa kullum, shan mai ya ɗan ƙaru.

Bakanike Ɗan Kano:

Ban musa maka ba, ɗan'uwa, dabara ce da ke fitar da mutum idan yana daji. Amma Haɗeja ba ta yi nisa da Kano ba, kuma ko da na'urar ta mutu ɗungurungum ana neman irinta a kasuwar Ƙofar Ruwa, a tafi da tsohuwar a hannu a gwada soket da soket. Ba na son a ɗaure abin da wankewa za ta iya tayarwa. Alhaji, akwai kuma abin da ya fi fitilar muhimmanci: ka sa a buɗe notin man aksul na gaba da na baya da na tiransifa. Idan man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo ba tare da jinkiri ba. Tiransifar wannan ƙira 75W-90 take sha, kimanin lita ɗaya.

Manomin Fadama:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya na tsaya a kan aikin da kaina. Farfela ta ƙi juyawa a H4, tayar da muka ɗaga kuwa ta zagaya kamar ta keke. Da aka duba sai ga tiyon yana reto, bakinsa ya tsage, da aka buɗe murfin na'urar kuma ruwa mai launin ƙasa ya tsiyayo a tafin hannun yaron gareji. An wanke, an goge, an sa giris, fitilar ta ƙyafta sau biyu ta tsaya. Man aksul na gaba ya gurɓace kamar yadda Malam ya faɗa, an canza shi, na baya da na tiransifa kuwa lafiyarsu ƙalau. Mun sa sabon tiyo mai tsawo, muka ɗaure bakinsa a sama kusa da batir. Tayoyina na gaba sun fi na baya suɗewa ƙwarai, su zan canza bayan girbi idan Allah ya kai mu.