Farfesan waje ko malamina mai ɓawon gujiya? Ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na gama mastar a kimiyyar sinadarai nan Maradi, aikina a kan gawayin ɓawon gujiya ne. Wajen mata masu ƙuli-ƙuli na unguwarmu nake kwaso ɓawon buhu-buhu, in jiƙa shi da asid, in ƙona a tanda, sannan in zuba garin cikin ruwa mai shuɗin rini. Kwalba ta shiga kamar ruwan baba na marina, ta fito garau. Inna har ta daina tambayata me nake yi da shara, da na shigo sai ta ce ga mai gawayi ya dawo. Ni ne babba a gida, ƙanne huɗu. To yanzu wani farfesa a ƙasar waje mai aikin grafin (shimfiɗar kabon, sinadarin gawayi, mai matuƙar siranta) da bututun kabon na nano (ƙananan bututu da ido ba ya iya gani) ya amsa wasiƙata. Makinsa na h-index, wato ma'aunin yawan ambaton binciken mutum, ya ninka na malamina nesa ba kusa ba. Malamina kuwa ya ce in zauna mu yi doktora tare. Ta yaya ake gane wanda bincikensa ya fi tasiri?

Tsohon malamin lise (babbar sakandare): Yaro, tattara kayanka ka tafi. Tun 1991 Sumio Iijima ya bayyana bututun nan a Japan. A 2004 Geim da Novoselov suka ɓare grafin daga bakin fensir da salatif a Mancesta, kaurinsa atom guda tak, 2010 aka ba su Nobel. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Da me za ka gan shi a nan? Ina madubin ilektron ɗinka, ina na'urar Raman mai gwada tsarin abu da haske? Gawayi ko kakata ta iya ƙona shi.

Mai tambaya: Baba, da girmanka, ba gawayin shayi ba ne. Kuma salatif ɗin da ka ambata ai ko a babbar kasuwa akwai shi.

'Yar'uwa daga Faransa: Ƙanena, kar lamba ta ruɗe ka. Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro h-index a 2005. In aka ce mutum yana da 40, ana nufin yana da takardun bincike 40 da aka ambaci kowace aƙalla sau 40 a cikin wasu takardun. Fagen kabon cike yake da jama'a, ambato yana hawa da sauri, shi ya sa ba a gwada shi da mai aikin ruwan rijiya. Ka duba ina sunan ɗalibansa yake faɗawa a takardun, kuma ina suka ƙare. Ni shekara uku ina gadin tanda har ranar Lahadi, da takarda ta fito sunana ne na biyar. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsohon malamin lise: 'Yata, na biyar a can ya fi na farko a inda ba mai karantawa.

Ɗan Tibiri: Ni wanga tasiri da kuke faɗi ban gane mishi ba. Mu da ruwan famfo mai yawan sinadarin fulor ya lalata wa yaranmu haƙora, ya tanƙware ƙafafun wasu, wa ya ambace mu? In gawayinka zai tace wannan, zauna.

'Yar'uwa daga Faransa: Allah Ya ba su lafiya, amma gawayin ɓawo haka nan bai cika kama fulor ba, gawayin ƙashi ya fi shi. Shanye rini daban, wannan daban.

Mai tambaya: Yaya, na san da haka, yana cikin abin da ni da malamina muka shirya gwadawa. Ba wai ban yi karatu ba ne.

Wani tsohon ɗalibi: Duk ku bar wannan. Wa zai biya? Ni an ce mini burs, wato tallafin karatu, ya fito, na sayar da babur, na yi wata takwas ina zarya a wani ofis a Yamai. Yanzu kaya nake ɗaukowa daga Jibiya.

Tsohon malamin lise: Don kai ka faɗi ba shi ne hanyar ta mutu ba. Yaro, rubuta wa farfesan nan yau, ka ce kana tafe.

Mai tambaya: Gaskiya bai ambaci kuɗi ba, cewa ya yi kawai aikina ya ba shi sha'awa. Amma mutum irinsa ba zai amsa wasiƙa a banza ba. Malamina ma bai san na rubuta ba tukuna, shi ne ya biya mini kuɗin rajista bara.

'Yar'uwa daga Faransa: Au, bai sani ba? To wa zai rubuta maka takardar shaida?

Ɗan Tibiri: Shiru kake ji.

Mai tambaya: An ɗauke wuta, cajina ya kusa ƙarewa. Wanda ya san yadda ake tambayar farfesa zancen kuɗi ba tare da ya ga kamar roƙo ba ne, ya bar mini a nan, zan duba bayan isha'i.