Glucophage yana ɓata wa Inna ciki, ta daina?

Ƴar Birni:
Salamu alaikum. Likita ya rubuta wa innarmu metformin, wato Glucophage 500, saboda ciwon sukari. Kwana huɗu ke nan tana zawo da tashin zuciya. Mu tsayar?

Na Zango:
Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Haka maganin yake yi da farko, yakan lafa cikin sati biyu. Ta riƙa shan ƙwayar tana tsakiyar cin tuwo, kada ta sha da yunwa. An saba farawa da 500 mg sau ɗaya a rana, a ƙara bayan sati ɗaya ko biyu. In da yawa aka fara mata, ku koma likita ya rage.

Hajiya ta Garin Malam:
Ɗiyata, ki kula da ruwan jikinta, ga zafin Damagaram. In zawon ya tsananta, ko tana amai har ruwa ba ya zama, ta dakata da maganin ku tafi asibiti ranar. Ƙoda ce ke fitar da shi. In jiki ya bushe sai maganin ya taru, jini ya yi tsami. Alamunsa: numfashi sama-sama, ciwon tsoka, kasala mai tsanani. An auna mata ƙoda kafin ta fara?

Na Zango:
Kuma in da Daonil, wani maganin ciwon sukarin, aka haɗa mata, shi ke faɗar da sukari. In ta fara rawar jiki da zufa, a ba ta sukari ƙaramin cokali uku cikin ruwa nan take.