Fitilu sun rikice min ana tsaka da dinar biki, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Na Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin fitila. Ranar Asabar na yi aiki a wani ɗakin taro a Ikeja. Na jera fitilu masu juya kai 12 da ƙanana masu launi 24, duk a layi ɗaya. Da la'asar na gwada, komai lafiya lau. Amarya da ango na sako ƙafa bakin ƙofa, sai na ƙarshen layi suka fara ƙyaftawa, biyu suka juya kai suna haska bango. Na ja maɓalli ƙasa, ko gezau. Har uwar amarya ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Wallahi abin yana cina har yanzu. Na fara tunanin sayar da teburin sarrafawar in sayi wani, amma ina so in ji abin da ya taɓa samunku.

Dattijo a Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar da tebur tukuna. Ka ƙirga da kanka: 12 da 24 sun zama 36, alhali ƙa'idar DMX512, wato tsarin da tebur ke aika wa fitilu saƙo da shi, ita ce kada layi ɗaya ya wuce na'urori 32. In sun fi haka, mai raba layi ake sawa.

Ni na fara aikin nan lokacin da kowace tasha, wato hanyar saƙo guda da maɓallin tebur ke sarrafawa, take da zarenta na waya daga tebur zuwa akwatin rage haske, ka ga tulin wayoyi kamar saƙar gizo. A Amurka ƙungiyar masu fasahar dandamalin wasan kwaikwayo, USITT, ta fito da DMX a 1986, waya ɗaya ta ɗauki tashoshi 512, kowace tasha da mataki daga 0 zuwa 255. Sauƙi ne babba, sai dai waya ɗayar nan in ta samu matsala, kowa ya samu.

Irin naka ya same ni a wani wasan kwaikwayo a Surulere, kuma rashin marufin layi ne. Ɗan filogi ne da ake toshe fitilar ƙarshe da shi, a cikinsa akwai rizista mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. In babu shi, saƙo yana kaiwa ƙarshen waya ya dawo kamar amsa-kuwwa a kangon gida, ya ci karo da mai zuwa. Shi ya sa na ƙarshen layi ne ke fara rikicewa. Kuma layin da ke kan gaɓa yakan yi aiki da rana, da an kunna lasifika da na'urar sanyaya ɗaki sai ya gaza. Tun ranar nake yawo da guda uku a aljihun jaka.

Mai Haske, Obalende:
Baba ya yi gaskiya. Nawa kuwa wayar makirufo ce. Ƙa'ida ta ce filogi mai ƙafa 5, amma yawancin fitilun da muke saye a nan mai ƙafa 3 ne, iri ɗaya sak da na makirufo. Yara wajen kwasar kaya da daddare suka haɗa min su a buhu ɗaya. A ido ba ka bambanta su, amma saƙon DMX na gudu ne da bit 250,000 a daƙiƙa, wayar murya ba don wannan aka yi ta ba. Gajera takan rufa maka asiri, doguwa ta tona. Yanzu duk wayar fitila na naɗa mata jan salatif a kai biyu.

Na Mile 12:
Ni ɗauke wuta ce. Kafin janareto ya kama, tebur ya mutu, gyaran da na yi tun azahar ban adana ba. Fitilu masu juya kai suka koma gwajin kansu a gaban baƙi. Yanzu teburina yana kan UPS, kuma ina kwafe aikin a filash kafin a buɗe ƙofa.

Ƙaninku a Ajah:
Yaya na Agege, duba adireshi ma, wato lambar tashar da kowace fitila ke fara karɓar saƙo daga kanta. Na taɓa sa fitila a adireshi na 1, ta biyu a 17, don tashoshi 16 na san tana ci. Ashe wanda ya yi haya kafina ya canza mata tsari, ta haura cikin na maƙwabciyarta. Ina ɗaga launin wannan, waccan na juyawa. Sannan mu nan wajen Lekki iskar teku tana cin ƙafafun filogi, sai ka ga sun yi kore. Manyan ayyuka na koma Art-Net, saƙo ya bi wayar intanet zuwa akwatin da ke bayan dandamali, daga nan gajerun wayoyin DMX su ƙarasa.

Na Agege:
Allah ya saka da alheri. Na zazzage buhun yanzu. Adireshi daidai suke, amma babu marufi ko ɗaya, kuma na tsinci wayar makirufo guda uku, ɗaya doguwa ce ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwar Alaba. Baba, mai raba layi mai baki huɗu zai ishe ni?

Dattijo a Idi-Araba:
Zai isa. Ka ba masu juya kai baki biyu, ƙanana biyu, kowane reshe da marufinsa. In ka haɗa, bar su a kunne awa uku da lasifika tana aiki, ka dawo ka faɗa mana.