Koɗewa da yagewar wandon jins: laifin yadi ne ko na wanki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wandunan jins da nake saya, domin ba sa daɗewa suke koɗewa, sannan su fara sirancewa a tsakanin cinyoyi har su yage, alhali ƙafafuwa da ƙugu suna nan garau. Shin yadin ne ba shi da kyau, ko kuwa yadda ake wanke su ne yake jawo haka? Kuma me ya kamata mutum ya duba kafin ya biya kuɗi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Koɗewa daban, yagewa daban. Ana saƙa yadin jins ne da zaren auduga iri biyu: na tsaye, wanda aka rina da shuni, da na kwance, wanda aka bari fari, shi ya sa idan ka juya wandon za ka ga cikinsa ya fi bayansa haske. Shunin kuwa ba ya ratsa zaren har ciki, a samansa yake tsayawa, saboda haka duk inda aka goga, kamar gwiwa da bakin aljihu, sai farin cikin zaren ya bayyana. Wannan ɗabi'ar rinin ce, ba za a iya hana ta ba, sai dai a rage mata sauri. A juya wandon kafin a wanke, a ja zif a sa maɓalli, a yi amfani da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada a sa bilic ko a dirje shi da buroshi, sannan a shanya shi a inuwa. A wankin farko kuma a ware shi shi kaɗai, domin yana zuba.

Amsa ta biyu:
Ni tela ne, kuma yagewar tsakanin cinyoyi ita ce gyaran da aka fi kawo mini. Yawanci matsewa ce take jawo ta. Idan wando ya kama cinya sosai, kowane taku yadi yana gugar yadi a wuri ɗaya, har zaren shunin ya ƙare, ya bar fararen zaruruwa a jere kafin su tsinke. Abin ya fi muni a yadi mara nauyi wanda aka cakuɗa da zaren roba, domin zafin guga da na na'urar busar da kaya suna kashe robar. Ka duba takardar da ke liƙe a ciki: auduga zalla, ko mai roba kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ta fi ƙarko. Ana auna nauyin yadin da oza, wato nauyin ƙyalle mai tsawon yadi ɗaya da faɗin yadi ɗaya, kuma mai oza 12 zuwa 14 ya wadatar wa mai sawa kullum. Lokacin gwaji kada ka tsaya gaban madubi kawai, ka zauna, ka tsuguna, ka tabbatar yatsu biyu suna shiga ƙugu ba tare da tilas ba. Ka kuma duba ƙusoshin jan ƙarfen da ke kusurwar aljihu, waɗanda wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a 1873 domin hana aljihun ma'aikata ɓarkewa. Idan suna motsi, aikin ba mai kyau ba ne.

Amsa ta uku:
Na yarda da Malam tela, sai dai ina jan hankali a kan masu cewa a yi watanni ba a wanke jins ba. Gaskiya ne yawan wanki yana cin launi, amma gumi da ƙura idan suka zauna cikin saƙar su ma suna cin zaren, musamman a wurin da kake kuka da shi. A ganina a wanke shi duk lokacin da ya yi datti ko ya fara wari. Kuma da zarar ka ɗaga shi ga haske ka ga wurin ya yi shara-shara, ka kai a sa masa faci ta ciki a bi da ɗinki, tun bai zama rami ba.